Na binne bututu a daɓe, amma lissafin jin daɗin ɗaki bai motsa ba

Ɗan Aji: Assalamu alaikum jama'a. Kwana huɗu ke nan wata matsala ta hana ni sakat. Aikin kammala karatuna a kan ɗumama ɗaki da sanyaya shi ne ta bututun ruwa da ake binnewa a cikin daɓe. Ɗakin da na gina a kwamfuta mita 6 ne tsawo, 6 faɗi, 3 tsayi, da babbar taga ta gilashi guda ɗaya. EnergyPlus, manhajar lissafin zafi da makamashin gini, nake amfani da ita. Na yi lissafi sau biyu, na farko da na'urar hura iska mai ɗumi, na biyu da ɗumin daɓe. PMV, wato ma'aunin da ke hasashen yadda mutane za su ji zafi ko sanyi a ɗaki, ya fito iri ɗaya sak, kai ka ce kwafi na yi. To in haka ne, me ya sa ake ta kuranta ɗumin daɓen? Ni ne na yi kuskure ko manhajar ce ba ta san da daɓen ba?

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin mu ɗora wa manhaja laifi, faɗa mana yadda ka shigar da ɗumin. A ina ka ajiye shi?

Ɗan Aji: Na ƙara shi a jerin abubuwan da ke fitar da zafi a cikin ɗaki, wat 50 a kowane murabba'in mita, na sa masa suna daɓe.

Tsohon Injiniya: Madalla, an gama bincike. Hita ka kunna a tsakiyar ɗaki ka raɗa mata suna daɓe. Duba gurbin da ake rubuta kason da ke fita a matsayin huci, wato zafin da ke tafiya kai tsaye daga fuska zuwa fuska ba ta cikin iska ba, za ka tarar da sifili idan ba ka taɓa shi ba. Ma'ana duk wat 50 ɗin iska ce ta kwashe su kai tsaye, daɓenka yana nan da sanyinsa kamar yadda yake a lissafin farko. Ko da ka cike gurbin ma ba a tsira ba, domin manhajar za ta watsa hucin ne a kan bango da silin da daɓe gaba ɗaya, alhali a gaskiya daga cikin daɓen zafin ke tasowa.

Abu biyu kake buƙata. Na farko, ka gina daɓen shimfiɗa bayan shimfiɗa: kankaren ƙasa, abin tare zafi, shafen simintin da bututun ke kwance a ciki, sai tayil ko duk abin da ke sama, sannan ka gaya wa manhajar tsakanin waɗanne shimfiɗu ne tushen zafin yake da kuma tazarar da ke tsakanin bututu da bututu. Na biyu, ka haɗa daɓen da na'urar huci mai ƙarancin zafi, wadda ke da madaukin ruwanta, famfonta da abin da ke ɗumama ruwan. Sai an yi haka zafin saman daɓen zai fito daga lissafi.

Mai Gajeriyar Hanya: Haba Injiniya, yaro yana son ya ga taswirar jin daɗi ne kawai, za ka sa shi gina gidan famfo. Ɗan Aji, ɗaure saman daɓen a digiri 26, ka bar lissafi ya tafi. Minti biyar ka gama. Ni haka nake yi.

Dakta: Malam, sauri ya haifi nawa. Daɓen da ka ɗaure a digiri ɗaya ba ya ƙoshi kuma ba ya gajiya. Ko nawa ɗakin ya nema zai bayar, ko nawa rana ta zubo masa zai shanye, bai ƙaru ba bai ragu ba. Babu daɓen da ke haka a duniya. Ka duba ƙa'idar EN 1264 ta Turai: zafin da daɓe ke bayarwa shi ne 8.92 sau bambancin zafin daɓe da na ɗaki, bambancin a ɗaga shi zuwa ƙarfin 1.1. Daɓe 29, ɗaki 20, ka samu wat 100 a murabba'in mita, kuma nan ne iyaka, tunda ba a yarda daɓen wurin zama ya wuce 29 ba. Gefen taga kaɗai aka yarje wa 35. Daɓe 24, ɗaki 20, wat 41. Ɗakin ya hau 22, abin ya sauko wat 19. Kana gani ɗaki da daɓe suna jan juna ne, kowanne na sauya ɗan'uwansa. In ka riƙe ɗaya da ƙarfi, ka kashe abin da kake son nazarta.

Mai Gajeriyar Hanya: Ranki ya daɗe, ai lissafin naki ma ɗaure daɓen kika yi a 24 kafin kika samu 41 da 19.

Dakta: Ka kama ni, haka ne. Kuma shi ya sa 19 ɗin nan ta yi ƙasa da gaskiya. In zafin ruwan bai canza ba, da ɗakin ya ɗuma, saman daɓen ma zai ɗan hau, ragin ba zai kai haka ba. Nawa zai hau? Ya danganta da kaurin siminti, tazarar bututu da abin da aka shimfiɗa a sama. Ka ga mun dawo wurin Injiniya.

Mai Zanen Gini: Ni dai zan tsaya tsakiya, amma na fi karkata ga Mai Gajeriyar Hanya a wuri ɗaya. Lokacin da nake zanen farko ban san injin da za a saya ba, ban san tazarar bututu ba. Tambayata ita ce: a awa mafi sanyi ta shekara, mutumin da ke zaune kusa da gilashin nan, daɓe mai digiri 27 zai cece shi ko sai na rage tagar? Wannan tambayar awa ɗaya ce, ɗaure daɓen ya wadatar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya ɗaure daɓe, ya gudanar da awa 8,760 na shekara, ya fito yana cewa ga yawan wutar da gini zai ci. Wannan kam tatsuniya ce.

Mai Gajeriyar Hanya: To Hajiya ta raba gardama, na karɓi rabin nasara.

Ɗan Aji: Na gode ƙwarai. Na yi yadda Injiniya ya ce, na sha fama da madaukin ruwan amma ya tafi. Yanzu daɓen yana hawa 26 zuwa 27 da safe. PMV ya bambanta da na iska, sai dai bambancin kaɗan ne, bai kai abin da na zata ba.

Dakta: Yanzu muka zo wurin da nake so. PMV na Fanger ne, malamin jami'ar fasaha ta Denmak, ya fitar da shi a 1970. Abu shida yake ci: zafin iska, matsakaicin hucin abubuwan da ke kewaye da mutum, gudun iska, laima, aikin da jiki ke yi, da kaurin tufafi. Daɓenka ta ƙofa ɗaya tak yake shiga cikin shidan nan da ƙarfi, wato matsakaicin huci. Saboda haka yadda manhajar ke lissafa wannan matsakaicin shi ne komai.

In ba ka ce mata komai ba, tana haɗa zafin duk fuskokin ɗakin ne gwargwadon faɗinsu. Ɗakinka daɓe murabba'i 36, silin 36, bango huɗu 72, jimla 144. Daɓe ya samu kashi ɗaya cikin huɗu. Amma mutumin da ke zaune a kujera a tsakiyar irin wannan ɗakin, kusan 0.4 na abin da jikinsa ke musayar huci da shi daɓe ne, don ya fi kusa da shi fiye da silin nesa ba kusa ba. Mu ce daɓe 27, sauran 20. Lissafin faɗi ya ba ka 21.75, lissafin kason gani, wato na 0.4 ɗin nan, ya ba ka 22.8. Digiri guda ya ɓace maka a tsakani. Akwai zaɓin da ake shigar da kason ganin kowace fuska da hannu, yi amfani da shi, ka yi wa tsakiyar ɗaki nasa, ka yi wa gefen taga nasa. Masu amfani da manhajojin Ladybug da Honeybee su kan sami wannan a taswira, kowane ɗigo da kason ganinsa, amma su ma zafin fuskokin daga EnergyPlus suke karɓa, in daɓen bai ɗuma a can ba taswirar ba za ta ƙirƙiro shi ba.

Sai dai kada ka yi tsammanin abin al'ajabi. Idan iska ba ta gudu, ƙasa da mita 0.2 a daƙiƙa, zafin da jiki ke ji kusan tsaka-tsakin zafin iska ne da na huci. Digiri gudan can ya koma rabin digiri. A ɗakin da aka tare zafinsa da kyau, bango ba ya sanyi sosai, don haka daɓe da iska ba sa nisa da juna. Masu bincike a jami'ar Kalifoniya ta Berkeley sun kwatanta ra'ayin mazauna gine-gine 60 a 2017, wasu na huci wasu na iska zalla, suka tarar gamsuwar kusan ɗaya ce, na hucin ya ɗan fi a batun zafi. Ƙaramin bambancin da ka gani yana iya zama shi ne gaskiyar, kada ka matsa wa lissafi sai ya faɗi abin da kake so.

Tsohon Injiniya: Ribar ba a PMV take ba, a ɗakin inji take. Daɓe faɗi gare shi, ruwa mai digiri 30 zuwa 35 ya ishe shi, inda tsofaffin radiyeto ke neman 60 ko 70. Famfon zafi kuwa, wato injin da ke janyo zafi daga waje ya ɗumama ruwan, duk digirin da ka rage masa murna yake. Ga shi ruwa na ɗaukar zafi kusan ninki 3,500 na iska in girmansu ɗaya, ƙaramin famfo ya yi aikin ƙatuwar fanka. Wannan shafin ya kamata ka faɗaɗa a rubutunka.

Ɗan Aji: Injiniya, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da safe komai lafiya, amma daga ƙarfe ɗaya na rana ɗakin yana wuce 26 a tsakiyar hunturu, famfo kuma a kashe yake tun goma. Daga ina zafin ke zuwa?

Tsohon Injiniya: Daga daɓen da ka cika da asuba. Kankare mai kaurin santimita 10 nauyinsa wajen kilo 230 ne a murabba'in mita, naka gaba ɗaya tan 8 da ɗoriya. Kowane digiri ɗaya da ka ɗora masa ya adana kimanin wat-awa 57 a murabba'i. Don ya sauka digiri 3 yana bayar da wat 40, sai ya ci fiye da awa huɗu. Ka kashe famfo da goma, shi bai ji ba, yana ta bayarwa, rana ta shigo ta taga ta ƙara nata. Ba kuskuren manhaja ba ne, haka gine-ginen gaske ke yi, na shiga ofis da dama da ake buɗe taga a tsakiyar sanyi saboda wannan. Abin da ya kamata ka gwada: ka daina kunnawa da kashewa bisa zafin iskar ɗaki, ka bar zafin ruwan ya bi zafin waje, ko ka sa sensa a cikin daɓen. Ka kuma daina rage zafi sosai da dare, daɓe mai nauyi ba ya son a tashe shi da gaggawa. Sannan ka ƙara yawan zangon lissafi, wato sau nawa manhajar ke maimaita lissafi, aƙalla shida a awa, ni har goma sha biyu nake sawa in akwai bututu.

Mai Zanen Gini: Ƙanena duba yadda ka saita rabon hasken rana ma. Akwai zaɓin da ke jibge duk hasken da ya shigo kai tsaye a kan daɓe, akwai wanda ke bin sawunsa ya ga wane bango ya taɓa. A ɗaki na yau da kullum ba a cika damuwa ba, amma a nan daɓen shi ne na'urar. Kuma me ka shimfiɗa a sama? Na taɓa miƙa zane da tayil, mai gini ya zo ya malala kafet mai kauri. Ƙa'idar EN 1264 ta ce abin shimfiɗa kada turjiyarsa, wato yadda yake tare zafi, ta wuce 0.15. A wat 60, wannan digiri 9 ne suka maƙale a cikin kafet, inda tayil ko digiri ɗaya ba ya ci.

Dakta: Ƙasan daɓen fa? In a kan ƙasa yake zaune, EnergyPlus tana ɗaukar digiri 18 duk shekara in ba ka ba ta wani abu ba. Daɓe mai bututu ba ƙaramin zafi yake turawa ƙasa ba idan babu abin tarewa.

Ɗan Aji: Tayil ne Hajiya. Ƙasan kuwa ban taɓa shi ba, zan gyara. Bari in kawo ɗaya rabin matsalar. Lokacin zafi na tura ruwa mai digiri 16, amma ɗakin ya ƙi sauka ƙasa da 28 a yawancin ranaku.

Mai Gajeriyar Hanya: Tura 10 mana.

Tsohon Injiniya: Ka tura 10 ka tanadi tsumman goge ruwa da kuɗin wanda zai zame ya karye. Sanyaya ta daɓe ba juyin ɗumamawa ba ce kawai. Daɓe mai ɗumi yana ɗuma iskar da ke kansa, ta tashi sama, wata ta zo, shi ya sa yake ba da kusan wat 11 a murabba'in mita a kowane digiri na bambancinsa da ɗaki. Daɓe mai sanyi yana sanyaya iskar da ke kansa, ta yi nauyi ta kwanta a wurin kamar bargo, sai kusan huci kaɗai ya rage yana aiki, jimla wat 7 a digiri. Ga iyakar ƙafa kuma, ƙa'idojin ISO 7730 da ASHRAE 55 sun ce zafin daɓe ya tsaya tsakanin digiri 19 zuwa 29. Ɗaki 26, daɓe 19 ko 20, wat 42 zuwa 49 ke nan, ka ƙure. In nauyin zafin ɗakinka ya kai 70, daɓe shi kaɗai ba zai iya ba ko me ka yi. Silin ya fi shi a wannan aikin, shi ke samun 11 wajen sanyayawa.

Amma ina zargin wani abu dabam. Fitar mana da yawan ruwan da ke gudana a bututun awa bayan awa.

Dakta: Na san abin da kake nema, Injiniya. Raɓa. Iska mai digiri 26 da laima kashi 50 tana fara sauke raɓa a 14.8. Laima 60, a 17.6. Laima 70, a 20.1. Wato da laimar ta kai 70, daɓe mai digiri 20 ya fara gumi. Manhajar tana da mai gadi a kan wannan: in sanyin ya kusanci matakin raɓa da tazarar da aka saita, sai ta datse ruwan. In mutum bai karanta fayil ɗin gargaɗi ba, zai zaci na'urarsa na aiki alhali a kashe take rabin yini. Daɓe ba ya cire laima ko ɗigo, kuma kowane mutum a ɗakin yana ƙara ta da numfashi da gumi. Dole a haɗa shi da na'urar shigo da iskar waje wadda aka busar.

Mai Zanen Gini: Filin jirgin saman Suvarnabhumi na Bangkok da aka buɗe a 2006 haka aka yi masa, ga laimar garin ba sai an faɗa ba. Daɓe mai sanyi a ƙasa, busasshiyar iska tana fitowa a hankali daidai tsayin mutane, sama can ƙarƙashin gilashi a bar shi ya yi zafinsa. Kuma nan ne daɓe ke nuna bajintarsa: inda rana ke dukansa kai tsaye yana shanye zafin tun kafin ya shiga iska, yana iya wuce wat 100. Lissafin 7 a digiri bai ƙunshi wannan ba.

Mai Gajeriyar Hanya: Duk wannan wahalar don PMV, wanda bincike ya nuna a 2019 cewa sau ɗaya cikin uku yake dacewa da abin da mutane suka ce suna ji? Kashi 34 fa.

Dakta: Gaskiya ne, daga babbar taskar bayanan ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin ɗumamawa da sanyayawa, aka ciro wannan. Ni ma ba na rantsuwa da lamba ta biyu bayan ɗigo. Amma rashin ingancin ma'auni bai halatta a ba shi zafin daɓe na ƙarya ba. Kuma akwai abin da PMV ba ya gani sam, dole a duba shi dabam: zafin daɓe a tafin ƙafa, bambancin zafi tsakanin idon sawu da kai wanda ba a so ya wuce digiri 3 ga mai zaune, iskar sanyi da ke gangarowa daga gilashi, da rana in ta faɗa a jikin mutum kai tsaye. Manhajar tana ɗaukar iskar ɗaki a gauraye take, zafinta ɗaya daga ƙasa har sama, don haka bargon sanyin da Injiniya ya ambata ba za ka gan shi a ciki ba, sai ka koma manhajar kwaikwayon gudun iska. Ita ma 19 zuwa 29 ɗin ga masu takalmi ce a kan kujera. A Koriya, inda ɗumama daɓe da suke kira ondol ta shafe ɗaruruwan shekaru, mutane a kan daɓen suke zama su kwanta, jiki na taɓa shi, lissafin Fanger bai san da wannan taɓawar ba.

Ɗan Aji: Na duba. Injiniya da Dakta kun yi gaskiya, ruwan sifili ne daga wajen sha ɗaya na safe har yamma a duk ranakun da laima ta hau, ga gargaɗin raɓa cike da fayil ban taɓa buɗe shi ba. Yanzu in na ƙara na'urar busar da iska, ita ma za ta ɗauki wani kaso na sanyayawar. Ya zan raba na daɓe da nata a rahoto, kuma wanne zan bari ya riƙe zafin ɗakin?

Tsohon Injiniya: Bar daɓen ya ɗauki nauyin da ba ya canzawa, ruwa 17 ko 18 yana gudana a hankali har da dare. Iskar ta riƙe laima, ta kuma bi sauyin da ke zuwa da sauri. In ka ba su ma'aunin zafi ɗaya za su yi ta kokawa, mai sauri ya ƙwace aikin, daɓen ya zauna banza. Kowanne yana da nasa layin a sakamako, ka fitar da su dabam. Turo mana hoton mako guda mafi laima, da zafin saman daɓe, matakin raɓa da gudun ruwa a kan zane ɗaya.

Ɗan Aji: To Injiniya, in sha Allahu gobe da safe. Lissafin shekara yanzu minti ashirin yake ci tun da na ƙara zangon.